Amsoshin Takardunku: Yaya ƙanƙara ta durƙusar da Texas?

 Takardarmu ta farko a yau daga Damagaram ta fito. Mai sauraronmu yana tambaya, wai yaya aka yi dusar ƙanƙara ta durƙusar da jihar Texas, alhali Amurka ƙasa ce mai arziki?

To Malam, abin ya faru ne a watan Fabrairu na 2021. Ita Texas a kudu take, an fi saninta da zafi. Sai ga sanyi ya gangaro daga arewa, ƙanƙara ta rufe tituna, a birnin Dallas ma'auni ya sauka har digiri 19 ƙasa da sifiri. Bututun iskar gas suka daskare, injinan tashoshin lantarki suka tsaya, daidai lokacin da kowa ke neman wutar ɗumama ɗaki. Gidaje da wuraren sana'a kimanin miliyan 4 da rabi suka zauna a duhu, wasu kwana da kwanaki. Hukumomin jihar sun ce mutum 246 suka rasu. Wasu sanyi ne ya kashe su, wasu kuwa hayaƙi, don sun shigar da gawayi ɗaki, ko sun kunna mota cikin gareji a rufe.

Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne, an yi gargaɗi. A 2011 an yi irin wannan sanyi, wuta ta ɗauke, hukumomin tarayya suka rubuta rahoto cewa a lulluɓe bututu da injina yadda za su jure. Amma shawara ce kurum, ba a tilasta wa kamfanoni ba. Aikin kuwa na cin kuɗi, sai da yawansu suka yi biris. Ga shi kuma yawancin layin wutar Texas a ware yake da na sauran jihohi, don haka ta kasa jawo isasshiyar wuta daga maƙwabta.

Ka ga jihar Minnesota ta fi Texas sanyi nesa ba kusa ba, amma tun kafin hunturu motocin kwashe ƙanƙara da gishirin zubawa a titi suna nan a ajiye. Ita kuwa Texas, sai a watan Yuni na 2021, bayan an yi asarar rayuka, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa kamfanoni shirin sanyi. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma nan gida, in hunturu ya kama, don Allah kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, hayaƙin iri ɗaya ne.