Zagaye Biyu Kafin a Komo Gida



Wanda ya tashi daga Ƙofar Jatau ya bi ganuwar birnin Zazzau, zagaye ɗaya zai yi ya komo inda ya fara, yana fuskantar inda ya fuskanta da fari. Ilektiron ba haka yake ba. Tun 1925, da Uhlenbeck da Goudsmit suka kawo batun juyinsa, ake kwatanta shi da katantanwar yara, kuma a ganinmu wannan kwatance ya ɓatar da ɗalibai da yawa. Abin da juyin yake faɗa mana shi ne yadda halin ƙwayar ke sauyawa idan aka juya ta. A digiri 360, alamar tarawa a lissafinta takan koma ta ɗebewa. Sai an cika 720 take komawa yadda take.

Mu gwada. A ɗora ƙwarya a tafin hannu, a zagaya da ita ta ƙarƙashin hammata ba tare da nono ya zube ba. Hannu ya murɗe. A ci gaba ta wannan fuska, bisa kai, sai murɗewar ta warware. Ƙwaryar tana nan yadda take, dangantakarta da kafaɗa ce ta sauya.

A 1975 Rauch da abokan aikinsa suka tabbatar da haka a Grenoble ta Faransa. Sun raba kwararar niyutiron gida biyu, suka juya ɗaya da maganaɗisu, suka sake haɗa su. Irin wannan niyutiron ne tukunyar nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello take samarwa tun 2004.