Mujiya da Ƙadangare a Ajin Yara

Yaran Dogo Tebo sun san shanu, ga babbar kasuwar shanun Potiskum a garinsu. Amma ka tambayi ɗan nazare abin da ke yawo bayan isha'i, sai ya ce aljanu.

Malama, samo faifai biyu, fari na rana, baƙi na dare. Yara su mulmula laka: ƙadangare da shaho su hau fari, jemage da bushiya su hau baƙi. Da hantsi ki kai su gindin katanga su ga ƙadangare yana shan rana.

Mujiya ce ta fi damuna. Ana kiranta tsuntsun mayu, ana jifanta, alhali ɓerayen da ke cinye mana gero take kamawa cikin duhu. Don Allah a gaya wa yara wannan.