FARIN DA KE FITOWA A JIKIN TABA: GISHIRI NE KO FUNFUNA?

Yau za mu yi magana a kan tabar da aka ajiye ta daɗe, watau ganyen da tsofaffi su ke ɗurawa a lofe, da kuma taba gari da a ke haɗawa da kanwa.

Tun da fari bari mu faɗi gaskiya. Taba ba abinci ba ce, ba magani ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. A ƙasarmu kuma an yi doka cikin 2015 wadda ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Wanda bai fara ba, kada ya fara. Amma mun sani akwai iyayenmu masu sha, akwai kuma masu sayarwa. Ba mu so su haɗa cuta biyu, ta taba da ta funfuna.

Mu da mu ke zaune kudu da Kogin Kaduna, a Kakuri da Makera da Barnawa da ƙauyukan da ke kewaye, mun san daminarmu. Ruwa ya kan fara wajen Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. Cikin Agusta kuwa bango ya kan yi raɓa, tabarma ta yi sanyi, takalmin da aka ajiye ƙarƙashin gado ya yi fari. Abin da ya sami takalmi shi ya ke samun taba.

Ga misali. Wani dattijo ya sayi ganye mai yawa da rani, don lokacin yana araha. Ya ƙulle cikin leda, ya tura ƙarƙashin gado. Da ya buɗe a tsakiyar damina sai ya ga fari-fari a jiki. Maƙwabcinsa ya ce, "Ai Baba, wannan alamar taba ta nuna ke nan, ta fi ƙarfi." Ɗansa kuwa ya ce, "A'a Baba, ta ruɓe, a zubar." To, wa ya ke da gaskiya? Kama da wane ba ta wane. Farin iri biyu ne.

Na ɗaya gishiri ne. Cikin ganyen taba akwai gishiri da ɗan sukari. In an danne ganye ya daɗe, ruwan jikinsa ya kan fito ya bushe, ya bar ƙananan ƙwayoyi a sama. In an sa kanwa, abin ya fi yawa. Ku tuna farin da ya kan fito a bayan sabon tulu, ko a rigar manomi bayan gumi ya bushe. Wannan ba shi da rai, ba ya yaɗuwa.

Na biyu funfuna ce. Ita tana da rai. Irinta yana yawo cikin iska, ido ba ya ganinsa. In ya sami danshi da ɗumi sai ya tsira, ya aika da saiwa kamar zare cikin ganyen, yana cinsa.

Ga hanya biyar da za mu rarrabe su.

1. Mu fita da tabar cikin rana mu duba. Gishiri yana ƙyalli, yana kwance a jikin ganye. Funfuna ba ta ƙyalli, tana tsaye kamar gashin auduga ko yanar gizo-gizo, sau da yawa a kewaye kamar kwabo.

2. Mu lura da launi. Kore, ko shuɗi, ko baƙi, ko rawaya, duk funfuna ce. Amma kada fari ya ruɗe mu, gama funfuna ma da fari ta kan fara.

3. Mu murza kaɗan da yatsa. Gishiri yana da tsakuwa-tsakuwa kamar rairayi. Funfuna tana da laushi, tana shafewa kamar toka. Sa'an nan mu wanke hannu.

4. Mu kankare farin a kan baƙin faranti, mu ɗiga ruwa. Gishiri zai narke ya ɓace. Funfuna za ta taso a kan ruwan.

5. Mu keɓe ganye ɗaya mu rufe shi kwana uku. In farin ya ƙaru, yana da rai ke nan.

Hanci ma yana taimako. Taba mai funfuna tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Amma kada a kai ta bakin hanci a shaƙa, don ƙurarta tana shiga huhu. Tana tayar da tari da asma, ta fi cutar tsoho da mai raunin ƙirji.

Waɗansu su kan ce, "Sai a goge a shanya, shi ke nan." Ba haka ba ne. Gogewa tana kawar da na sama kaɗai, saiwar tana ciki. Rana kuma tana tsayar da girmanta, amma ba ta fid da dafin da ta riga ta zuba. Waɗansu irin funfuna suna da dafi ƙwarai. Cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka yi da gyaɗa mai funfuna. Daga nan masana suka gano dafin da a ke kira aflatoksin, wanda ke lalata hanta. Ido ba ya iya gaya mana wace funfuna ce mai dafi, wace ce marar dafi. Saboda haka in muna shakka, mu ɗauka funfuna ce. Mu haƙa rami mu binne inda yara da awaki ba za su kai ba. Mu wanke batta ko gwangwani da ruwan zafi da sabulu, mu shanya ya bushe sarai.

Dattijon nan da ya fita da tabarsa rana, ya ga gashi ne a tsaye, ba ƙyalli. Ɗansa ke da gaskiya. Ya yi hasarar kuɗi, amma kuɗi sun fi huhu sauƙin mayarwa.

Rigakafi ya fi magani. Kada a ajiye ganye sai jijiyar tsakiyarsa ta bushe har tana karyewa. Kada a ƙulle mai danshi cikin leda. A ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango. Da damina a sayi kaɗan-kaɗan. Mai sayarwa kuma kada ya goge ruɓaɓɓiya ya cakuɗa da mai kyau, gama ran maƙwabcinsa ne.

Ga inda karatunmu zai yi amfani. Kowa ya rubuta ranar da ya ajiye kaya a 'yar takarda, ya liƙa a jikin gwangwani, ya riƙa dubawa kowane mako. Haka za mu yi wa gyaɗa da masara da barkono.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin gishiri da funfuna cikin rana?
2. Don me gogewa ba ta isa ba?
3. Me za mu yi in muna shakka?