Karatun Kwaleji: Riba Ko Hasara?

Jawabi ga hakimai da malamansu



Akwai wani abu da a kan gani kowace shekara a zauren kowane hakimi. Da an fid da sakamakon jarrabawa, sai samari su yi ta sintiri da takarda a hannu, daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, suna neman sa hannu domin ƙaramar hukuma ta ba su shaidar asali, wadda a ke bukata wajen shiga manyan makarantu da neman tallafin karatu. Malamin hakimi ya rubuta, ya buga hatimi, yaro ya yi godiya ya fita. Amma sau da yawa akwai dattijo a bayan yaron, wanda ba ya tashi sa'ad da ɗansa ya tashi. Sai ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Wannan karatu, sai na sayar da sa kafin ya yiwu. Ɗan maƙwabcina kuwa shekara biyar ya yi a can, ga shi ya komo yana haya da babur. Shin akwai riba a ciki, ko kuwa ɗiban ruwa ne da kwando?"

Wannan dattijo ya cancanci amsa ta gaskiya. In aka sallame shi da cewa ilmi haske ne, ba a kyauta masa ba, gama ya riga ya san haka tun yana makarantar allo. Lissafi ya zo a taya shi, kuma lissafin nan shi ne abin da za a duba yau.

Da fari ya kamata a tuna inda aka samo imanin nan cewa duk wanda ya shiga kwaleji ya haye. A shekarar 1922 ne Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina, domin a horad da malaman da za su koyar a makarantun lardi. Yara kaɗan a kan zaɓo daga kowace ƙasa, hukuma kuma ita ke ɗauke da nauyinsu. A lokacin ma iyaye da yawa ba so su ke yi ba, har a kan ɓoye yaro in an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun shigo gari. To, a dubi abin da ya biyo baya. Ahmadu Bello ya fita daga Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, daga bisani ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Abubakar Imam ya fita a 1932, ya koyar a Midil ta Katsina, a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita a 1933, ya koyar a Bauchi, shi ne ya karɓi 'yancin Nijeriya a 1960 yana Firayim Minista. Aka mai da makarantar Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce yau a ke kira Barewa, kuma Yakubu Gowon, da Murtala Muhammad, da Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun bi ta cikinta.

Wanda ya ga haka, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka takardar kwaleji kanta ita ce arziki. Amma akwai abin da a kan manta. Mutanen nan sun fito ne a lokacin da masu ilmin zamani a Arewa ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Aiki ne ke neman mutum. Cikin shekarun 1950, da Gwamnatin Arewa ta tashi haiƙan don ta sa 'yan ƙasa a kujerun ofisoshinta kafin mulkin kai na 1959, har rasa waɗanda za a sa a ke yi, shi ya sa aka yi ta tura ma'aikatan En'e makarantar horon ma'aikata ta Kongo a Zariya su ƙaro sani cikin gaggawa. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa ga kaya in sun yi ƙaranci, ya kuma san abin da ke faruwa in sun cika kasuwa.

Yanzu kuwa sun cika. Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, jami'o'in Nijeriya duka biyar ne. Yau sun haura 200, ban da kwalejojin ilmi da na kimiyya da fasaha. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, a 'yan shekarun nan tana yi wa yara fiye da miliyan ɗaya da rabi jarrabawa kowace shekara. Kujerun ofisoshin Gwamnati ba su ƙaru haka ba, ba kuwa za su ƙaru ba. Saboda haka uban da ya tura ɗansa da zaton wai takarda za ta jawo masa kujera da albashi, kamar yadda ta yi wa mutanen Katsina, yana lissafi ne da farashin kasuwar da ta riga ta watse.

Sai a komo kan abin da karatun ke ci. Mutane kan ambaci kuɗin rajista su tsaya nan, alhali shi ne mafi sauƙin gani, ba lalle ne ya zama mafi nauyi ba. Gaskiya ne jami'o'in Tarayya da yawa sun ƙara kuɗin rajista a 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci kuma suka tashi. Amma bayan rajista akwai ɗaki, akwai ci sau uku, akwai littattafai da buga takardu, akwai kuɗin mota zuwa da komowa duk hutu. Waɗannan ba su zuwa gaba ɗaya balle a yi musu tanadi, bi da bi su ke zuwa, yau a aiko ana son buhun gero, gobe a aiko ana son kuɗin aikin gwaji. Akwai kuma hasarar da ba a rubutawa a takarda, watau hannun da aka rasa a gona. Manomin da ɗansa ya tafi, tilas ya ɗauki ɗan ƙodago a damina, ko ya rage noma.

Lokaci ma haka. Shekara shida a firamare, shida a sakandare, huɗu a jami'a, ɗaya a bautar ƙasa, wadda aka fara tun 1973, shekara 17 ke nan in komi ya tafi daidai. Mai koyon aikin injiniya ko shari'a zai ƙara, mai koyon likita shekara shida zai yi a jami'a kaɗai. Komi kuwa bai cika tafiya daidai ba. A 2020 malaman jami'o'in Gwamnati sun yi yajin aiki wajen wata tara, a 2022 suka sake yin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yaran da abin ya rutsa da su, karatun shekara huɗu ya ci musu biyar ko fiye. Cikin waɗannan shekaru tsaransa da aka kai wa ubangida a Kantin Kwari, ko a kasuwar hatsi ta Dawanau, mai yiwuwa an sallame shi da jari, ya yi aure, har yana aika wa mahaifinsa cefane. Wanda ya ɓoye wa dattijo wannan ya cuce shi.

Duk da haka, in hakimi ya ɗaga kai ya dubi ƙasarsa, zai ga wani abin mamaki. Ga masu takarda suna zaune a gindin bishiya ba aiki, ga kuma aiki yana zaune ba mai yinsa. A shiga ɗakin shan magani na ƙauye a tambaya, ungozoma nawa ke nan mai takardar shaida? A shiga makarantar sakandare a tambaya, wa ke koyar da lissafi da kimiyya, kuma ɗan ina ne? In cuta ta faɗa wa garken shanu, daga ina a ke kiran malamin dabbobi, kwana nawa kuma ya ke yi kafin ya iso? In injin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ya lalace, wata nawa mata ke yi suna komawa rafi? Duk waɗannan ayyuka ne da ba a koyonsu a zaune a gida, kuma mai iya su ba ya rasa abin sa wa a baka, ko Gwamnati ta ɗauke shi ko ba ta ɗauke shi ba. Ma'aikatan jinya har ƙasashen waje ke zuwa suna kwashe su, abin baƙin ciki ga asibitocinmu, amma shaida ce cewa sana'ar tana da kasuwa.

Ashe ke nan kwaleji ba abu ɗaya ba ne da za a ce yana da riba ko ba shi da ita. Kamar iri ne, sai an san wane iri, a wace gona. Abin da ya fi yawan jawo hasara shi ne yaro ya nemi fanni guda bai samu ba, a ba shi wani wanda bai taɓa jin sunansa ba, ya karɓa don kada a ce ya zauna a gida, uba kuma ya biya don a ce ɗan wane yana jami'a. Shekara huɗu ya yi yana haddace abin da ba ya so, ya fito da takardar da shi kansa bai san inda zai kai ta ba. Da an zauna da shi tun farko an tambaye shi, in ka gama, wane ne zai bukace ka, da mai yiwuwa an gane tun sa bai bar turke ba.

A nan ne hakimi ke da abin yi, gama maganarsa na da nauyin da ta malamin makaranta ba ta da shi. Mutanenmu sun ɗauki jami'a ita kaɗai ce karatu, sauran kuwa na waɗanda suka kasa ne. Wannan kuskure ne mai tsada. Kwalejin ilmi shekara uku ce, takardarta ta NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da doka ta yarda a koyar da ita. Kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna, tana ba da difloma ta fari bayan shekara biyu, yaro ya fita ya yi aiki, in ya tara abin hannu ya komo ya yi babba. Akwai makarantar aikin gona a Samaru, da ta kiwon lafiyar dabbobi a Vom, da makarantar malaman tsabta a Kano wadda ta girmi 'yancin kai, da makarantun jinya da na ungozoma a jihohi. Ga talaka mai sa guda, hanya gajera wadda ke kai yaro ga abin yi ta fi doguwa wadda za ta ƙare masa guzuri a tsakiya. Babu hasarar da ta kai ta yaron da ya yi shekara biyu ya komo don kuɗi sun yanke, ba takarda, ba sa.

'Ya'ya mata kuma kada a bar su a baya cikin wannan lissafi. Kowa ya san akwai magidantan da ba su yarda namiji ya duba iyalinsu, har mace ta galabaita a gida wajen haihuwa. Maganin wannan ba faɗa ba ne, a sami mata 'yan garin da suka koyi aikin. Baƙuwar da aka turo daga nesa wata uku ta ke yi ta nemi a sauya mata wuri, amma 'yar gari ga ɗakin mijinta, ga gidan ubanta, ina za ta? Hakimin da ya shawo kan iyaye biyu ko uku suka bar 'ya'yansu suka yi makarantar ungozoma, ya yi wa ƙasarsa abin da ginin asibiti kaɗai ba zai yi ba.

Akwai abu biyu da ya kamata malaman hakimai su sani sarai, don su ne a ke fara tambaya. Na farko batun rance ne. A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a kan sabuwar dokar ba ɗalibai rance, asusun da a ke kira NELFUND kuma ya fara karɓar takardun masu nema a watan Mayu na wannan shekara. Ɗaliban makarantun Gwamnati a ke ba, babu kuɗin ruwa a kai, kuɗin makaranta kai tsaye a ke biya wa makarantar, ba a kuma fara neman biya sai shekara biyu bayan an gama bautar ƙasa. Sauƙi ne babba, amma a gaya wa iyaye a fili cewa bashi ne, ba kyauta ba, kuma cin bashi don fannin da ba shi da kasuwa ƙarin kaya ne a kan yaro.

Na biyu batun makarantun bogi ne, waɗanda suka yi yawa saboda masu neman shiga sun fi gurbi. A kan kama gida a kafa allo a ƙofa, a karɓi kuɗin mutane shekara da shekaru, daga ƙarshe a ba yaro takardar da babu ma'aikatar da za ta duba. A farkon 2024 har Gwamnatin Tarayya ta dakatad da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni. Gane na gaskiya ba wuya. Hukumar NUC ita ke da jerin jami'o'in da aka yarda da su, NBTE mai hedkwata a Kaduna ita ke da na kwalejojin fasaha, NCCE kuwa na kwalejojin ilmi, kuma duk ana iya duba su ta wayar hannu. A duba sunan makarantar, a kuma duba ko an amince mata ta koyar da fannin da yaron zai shiga, gama a kan sami makaranta ta gaskiya da fannin da ba a ba ta izni ba. Minti goma ne aikin, kafin a buga hatimi.

Daga ƙarshe ana roƙon kowane malamin hakimi ya buɗe littafi guda domin wannan al'amari. Duk yaron da ya zo neman sa hannu, a rubuta sunansa, da garinsu, da makarantar da za shi, da fannin, da shekarar. A bar fili a gefen dama. Bayan shekara biyar ko shida, a tambayi dagaci a cike filin: ya gama ko bai gama ba, me ya ke yi yanzu, a ina. In aka dinga haka, wata rana dattijo zai zauna a zaure ya yi tambayarsa, hakimi ya sa a ɗauko littafin a karanta masa abin da ya sami 'ya'yan garinsu da suka bi kowace hanya, sa'an nan ya koma gida ya yanke shawara game da sansa.