Guzurin Mai Neman Ilmin Hulɗar Ƙasashe: Wa Ke Biya, Kuma Don Me?

An umurce ni in yi bayani a kan hanyoyin da ɗalibi zai bi ya sami tallafin kuɗi, wato abin da muka saba kira sukolashif, domin karatun digiri na biyu ko na uku a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma zan yi iyakar ƙoƙarina in faɗi abin da ke da amfani, ko da wani sashensa bai yi wa kunne daɗi ba.

Wataƙila wani dattijo a cikinmu ya ce a ransa, mutanen da ba su gama samun likitoci da injiniyoyi ba, ina ruwansu da karatun jakadanci? Amsar tana nan kusa da mu. A watan Oktoba na 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci a shari'ar iyaka tsakanin Nijeriya da Kamaru, kuma ko da yake sunan Bakasi ne ya cika bakin mutane, hukuncin ya haɗa da ƙauyukan masunta na yankin Tafkin Chadi, irin su Darak, waɗanda makomarsu ta rataya a kan tsofaffin yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa da Jamus suka ƙulla tun kafin a haifi kakannin mazauna wurin. Haka nan a 2023, bayan juyin mulkin Yamai, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, ai ba a ofisoshin Abuja aka fi jin zafin abin ba. Fataken Jibiya da Illela da Maigatari, da 'yan'uwansu na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, su ne suka kwana da shi wata da watanni. Duk al'ummar da ake yanke irin wannan hukunci a kanta, alhali ba ta da isassun 'ya'yanta a ɗakunan da ake shawarar, to lalle ta yi sakaci da maslaharta. A fahimtata, kuma malamai suna nan su yi gyara, wannan ilmi yana cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka ɗauka an sauke wa saura, in kuwa kowa ya bari laifin ya hau kan jama'a duka. Ba baƙon fanni ba ne a wurinmu, gama tun ƙarni na biyu bayan Hijira Imamu Muhammadu Shaibani ya yi talifi a kan ilmin Siyar, wato hukunce-hukuncen yaƙi da sulhu da amana da alfarmar manzanni, kuma a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika wa Sarkin Ingila wasiƙa ta hannun wani Bature mai suna Clapperton a kan sha'anin ciniki da hulɗa.

Shi kuwa ɗaukar nauyin ɗalibi, shi ma tsohon abu ne, domin ba a taɓa yin zamanin da ilmi mai zurfi ya tsaya da ƙafarsa ba tare da dukiyar wani ta tallafe shi ba. A ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kashe dukiyarsu aka gina makaranta a Alƙahira, wadda aka sani da Madarasar Ibn Rashiƙ, domin ɗalibansu da alhazansu su sami masauki da wurin karatu. A can Turai ma, kujerar farfesa ta farko a fannin siyasar duniya, wadda aka kafa a jami'ar Aberystwyth ta ƙasar Wales a 1919, wani attajiri ne mai suna David Davies da 'yan'uwansa mata suka ba da kuɗinta, bayan sun ga irin rayukan da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci. Marigayi Kofi Annan, wanda ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, da tallafin Gidauniyar Ford ya bar Kumasi ya tafi karatu Amurka, daga nan ya zarce cibiyar nazarin hulɗar ƙasashe ta Janeba.

To, bari mu zo ga lissafi, gama shi ne yake tsayar da yawancin 'ya'yanmu a bakin ƙofa. Kuɗin makaranta kaɗai na digiri na biyu a wannan fanni, a manyan jami'o'in Ingila, ya haura fam 20,000 ga baƙon ɗalibi, a wasu har ya kai 30,000, ban da ci da sha da haya da jirgi da biza. A Amurka, inda karatun yakan ɗauki shekara biyu, shahararrun makarantun irin su Fletcher da ta jami'ar Columbia suna karɓar fiye da dala 50,000 a kowace shekara. In muka ɗauki fam 25,000, muka lissafa kowace fam a kan naira 1,500, alhali ta fi haka tsada tun 2024, za mu sami abin da ya haura naira miliyan 37. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 a wata, sai ya yi fiye da shekara arba'in yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa wannan adadi. Saboda haka ɗan talaka, har ma da ɗan babban ma'aikaci, ba shi da hanya sai ta tallafi.

Zan ɗan daɗe a kan tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, domin shi ne ya fi dacewa da wannan fanni, kuma wanda ya fahimci tsarinsa ya fahimci saura. An kafa shi a 1983, Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya ce take riƙe da shi, sunan ma na wani gida ne da ministan harkokin wajensu ke sauka a cikinsa. Yana biyan kuɗin makaranta na shekara guda, da kuɗin jirgi zuwa da dawowa, da biza, da alawus na wata-wata, amma ba ya ɗaukar nauyin iyali, kuma ya kamata magidanci ko matar aure su san haka tun kafin su fara. Sharuɗɗansa su ne digiri na farko mai kyakkyawan sakamako, da aikin shekara biyu wanda suke ƙidayawa awa 2,800, da zaɓen kwasa-kwasai uku a jami'o'in ƙasar tare da samun gurbi tabbatacce a ɗaya daga ciki, da alkawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan an gama. Ana buɗe neman ta intanet wajen watan Agusta, ba a biyan ko kwabo, kuma duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sama muku gurbi, to ku sani macuci ne.

Inda ake tankaɗe da rairaya shi ne 'yan gajerun maƙalu da mai nema zai rubuta, a kan shugabancin da ya taɓa yi, da yadda yake ƙulla mu'amala da mutane, da dalilin zaɓen karatun, da abin da zai yi in ya dawo. A nan ne tarbiyyarmu, wadda abin alfahari ce a gida, take zame wa yaranmu cikas, domin an hore mu da kunya da kawaici, an koya mana cewa yabon kai jahilci ne, sai ka ga yaron da ya sasanta manoma da makiyaya a gundumarsu, ko yarinyar da ta tsaya har aka mayar da 'yan gudun hijira makaranta, sun rubuta cewa su dai suna son zaman lafiya a duniya, sun bar aikin da suka yi da hannunsu ba su ambata ba. Ya ku 'ya'yana, faɗin abin da mutum ya aikata, da wurin da ya aikata shi, da sakamakon da aka gani, ga wanda ya tambaya domin ya yanke hukunci, shaida ce, kuma ɓoye shaida ba tawali'u ba ne. Sai dai a faɗi gaskiya tsantsa, a kuma rubuta da hannun kai, gama masu tantancewa za su zaunar da mutum su yi masa tambayoyi baki da baki, kuma rubutun aro ba ya jure tambaya ta biyu.

Sauran ƙofofin zan ambace su a gurguje. Akwai tallafin Ƙungiyar Ƙasashe Rainon Ingila, wanda aka kafa a 1959, kuma a Nijeriya hukumar sukolashif ta tarayya tana cikin masu gabatar da sunaye. Hukumar DAAD ta Jamus tana da shirin Helmut Schmidt na nazarin mulki da manufofin gwamnati. Tarayyar Turai tana da Erasmus Mundus. Ƙungiyar Rotary tana ɗaukar nauyin masu nazarin sulhu a jami'o'i irin su Bradford da Uppsala, tana kuma da cibiya a Makerere ta Yuganda. Ƙasar Sin tana da shirin Schwarzman a jami'ar Tsinghua ga matasan da ba su kai shekara 29 ba. Turkiyya ma tana da nata. Amma game da makarantun Amurka ina jan kunne, domin galibin abin da suke bayarwa ragi ne a kan kuɗin makaranta, sai ɗalibi ya ga wasiƙa ta ce an yafe masa rabi, murna ta kama shi, a sayar da gona ko a ci bashi mai ruwa domin cike saura, alhali aikin jakadanci da koyarwa ba su da albashin da zai biya bashin dala. Kada kowa ya karɓi irin wannan tayi sai ya zauna da alƙalami ya lissafa shekarun biyu gaba ɗaya.

Yanzu sai tambayar da ta fi damuna: don me waɗannan ƙasashe suke kashe dukiyarsu a kan 'ya'yan wasu? Ba su ɓoye ba. Tun lokacin da Sanata Fulbright na Amurka ya kawo dokar da ta kafa shirin da ke ɗauke da sunansa a 1946, aka fara biyansa da kuɗin kayan yaƙin da suka yi saura, manufar ita ce a sami, a kowace ƙasa, manyan gobe waɗanda suka san mai tallafin, suka saba da tunaninsa, suke jin nauyinsa. Ban ga aibu ga ƙasa ta nemi masoya ta hanyar ilmi ba, hasali ma ya fi neman su da bindiga nesa ba kusa ba, kuma ina kira ga ɗalibanmu su nema da himma, su karɓa da godiya, su cika alkawarin dawowa, domin alkawari kaya ne. Amma fannin da muke magana a kansa ya bambanta da likitanci. Likitan da aka koyar a Landan, jikin ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina. Shi kuwa jakada, watarana zai zauna a teburin shawara yana fuskantar ƙasar da ta biya masa kuɗin karatu, a kan bashi ko ma'adinai ko sansanin soja, kuma a ranar ana bukatar ya san tarihin ƙasarsa da maslaharta sanin da ya fi wanda aka koya masa a can. Ƙasar da ta bar tarbiyyar dukan masu yi mata magana a hannun waɗanda za a yi maganar da su, ba ta yi wa kanta adalci ba.

Su kansu Amurkawa ba su bar wannan ga kowa ba. Sun kafa shirye-shirye biyu, Pickering da Rangel, na 'yan ƙasarsu kaɗai, inda gwamnati ta riƙa biya wa matasa masu ƙaramin ƙarfi digiri na biyu bisa sharaɗin su yi mata aikin jakadanci na shekara biyar. Shi Thomas Pickering ɗin ma ya taɓa zama jakadansu a Legas a farkon shekarun 1980. Mu kuwa asusun PTDF na fannin man fetur ne, TETFund na malaman manyan makarantu ne, tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda ya fi karkata ga kimiyya da likitanci, kuma jihohinmu in sun tashi tura ɗalibai waje, da wuya a ji an ware ko gurbi biyu domin dokokin ƙasa da ƙasa ko sasanta rikici. Alhali mun ga abin da ɗan wannan yanki zai iya: Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, mutumin Zagga ta jihar Kebbi, wanda ya fara daga Jami'ar Ahmadu Bello kafin Boston da Toronto, ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2019 zuwa 2020.

Kuma abin bai kai tsadar da ake zato ba in aka duba kusa. Zariya tana koyar da digiri na biyu a harkokin ƙasashen waje da jakadanci. A Yawunde akwai cibiyar IRIC, wadda tun farkon shekarun 1970 take horar da jakadun Afirka, da kuma reshen Jami'ar Tarayyar Afirka mai nazarin mulki da haɗin kan yankuna. Jami'ar Legon ta Gana ma tana da tata cibiyar. Kuɗin da zai kai ɗalibi ɗaya Landan zai ɗauki nauyin da yawa a waɗannan wurare, su kuma dawo da Faransanci, harshen hukuma na Kamaru da Chadi da Binin, wanda rashinsa ya daɗe yana raunana mu a Hukumar Tafkin Chadi tun kafa ta a 1964. Ɗalibanmu na makarantun Islamiyya kuwa suna riƙe da Larabci, ɗaya daga cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba tare da an taɓa gaya musu darajarsa a wannan fage ba.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu sarakuna su kai wannan magana ga gwamnoni, a ware gurabe na musamman kowace shekara, da jarrabawa a fili da sharaɗin dawowa aiki. Ina roƙon attajiranmu, waɗanda Allah ya hore wa gina masallatai da asibitoci, su tsayar da waƙafi, ko da shago biyar ne a kasuwa, wanda hayarsa za ta riƙa biya wa ɗalibi ɗaya ko biyu, mace ko namiji. Ku kuma malaman jami'a da waɗanda suka taɓa cin irin wannan tallafi, ku buɗe ƙofofinku daga watan Yuni, ku zauna da yaran nan ku karanta abin da suka rubuta kafin su aika. Allah ya yi mana jagora.