Turancin Jadawalin Aiki da Haƙƙin Ma'aikaci



Na daɗe ina jayayya da abokan aikina masu koyar da Turanci a kan abu ɗaya. Muna yaye yaro ya ƙware wajen rubuta insha'in cin jarrabawar WAEC, amma in ya sami aiki a masana'antun Sharada ko Bompai sai ya tsaya gaban allon sanarwa yana zare ido, ya kasa karanta rostar da za ta juya rayuwarsa. Ku dubi irin wadda ake mannawa a asibitoci: sunaye a jere, gaban kowane suna harufa, M dutin safe, A na rana, N na dare, O ranar hutu. A ƙasa kuma an rubuta 12 p.m., wanda da yawa ke ɗauka tsakar dare ne, alhali tsakar rana ake nufi. Littattafanmu kuwa suna nan suna koyar da "nine to five", bayan ma'aikacin gwamnati a nan ƙarfe takwas yake shiga, ya tashi ƙarfe huɗu.

Babbar hujjata ita ce Dokar Ƙwadago ta 1974. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika, har da sa'o'in aiki. Sashe na 13 ya ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a yini yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, a kowane kwana bakwai kuma yana da hutun awa 24 a jere, sannan duk abin da ya haura sa'o'in da aka yanka masa ƙarin lokaci ne. Da Turanci aka rubuta dokar, da Turanci ake rubuta takardar ɗaukar aiki. Lebura ko mai gadin da bai bambance "shift" da "overtime" ba, zai yi awa goma sha biyu a tsaye yana zaton haka tsarin yake. Rashin sanin kalmomi ƙalilan ya ci masa kuɗi, ya ci masa lokacin sallar azahar da na abinci.

Za a ce zai koya a bakin aiki. A wurin wa? A wurin sufabaizan da ke amfana da rashin saninsa? Wasu kuma na ganin wannan Turanci ya yi ƙanƙanta a sa shi a manhaja. Ban ga darasin da ya fi wanda ke kare albashi daraja ba.

Don haka ina kira ga hukumar tsara manhaja ta NERDC da ta sa karatun rosta da takardar ɗaukar aiki cikin manhajar sakandare. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma su dage kan a riƙa manna jadawali da Hausa kusa da na Turanci a kowace masana'anta.