Ficewar Nijar daga ECOWAS ba ta raba Illela da Ƙonni ba

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da Malam ya gabatar ga 'yan uwa matasa na Tambuwal da Kebbe, game da makomar fatauci tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar. 

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), Malam ya fara da tunatar da 'yan uwa yadda abin ya faro. Ya ce ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Muhammad Bazoum. Ba a yi mako guda ba ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke tafiya Yamai ta Birnin Kebbi, har aka yi barazanar yaƙi. A Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fita daga ƙungiyar, fitar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Yanzu suna da nasu ƙawancen da suke kira AES.

Malam ya tambaya, shin wa ya ji a jikinsa a watannin da iyaka take rufe? Ya ce waɗanda suka sa hannu a takardar takunkumin ba su kwana da yunwa ba. Wanda ya ji jiki shi ne direban da motarsa ta yi wata da watanni a bakin iyaka, da manomin albasar da kayansa suka ruɓe a buhu, da dillalin dabbobi, da ɗan dako. Ya ce duk ɗan Tambuwal ya san hanyar da ta ratsa garin, gabas ta yi Sakkwato har Illela, yamma ta yi Jega har Kamba da Gaya. In an toshe bakinta biyu, to har mai sayar da shayi a tasha sai ya gani a cinikinsa.

Daga nan Malam ya koma tarihi. Ya ce a Maratta aka haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1754, yau kuma Maratta tana cikin Nijar, kusa da Galmi mai albasa. Tambuwal ɗin nan ribaɗi ce ta Muhammadu Buhari ɗan Shehu. A wancan zamani ayari yakan sauko da gishiri da kanwa da dabino, ya koma da hatsi da tufafi da goro, ba wanda ya tambaye shi fasfo. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a ƙasashensu suka ja layi, suka yi ta gyara shi daga 1890 har 1906, suka raba wa da ƙane. ECOWAS kuwa sai 1975 aka kafa ta a Legas. Don haka, in ji Malam, cinikin da ya girmi ƙungiya da ɗaruruwan shekaru ba zai mutu don an fita daga ƙungiya ba.

Amma ya ja kunnen 'yan uwa kada murna ta rufe masu ido. Ya ce ficewar tana da nata kuɗin. A Maris na 2025 ƙasashen AES sun sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shiga masu daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah, masu neman ragon layya suka ɗanɗana. A da akwai yarjejeniyar da za a kafa hujja da ita. Yanzu kuwa komai ya rataya ga yadda shugabannin biyu suka wayi gari.

To ina mafita? Malam ya ce ƙofa a buɗe take in an so. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, an buɗe iyaka a Maris, ECOWAS kuma ta ce za a ci gaba da karɓar takardun tafiya na mutanen ƙasashen uku kafin a daddale. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar wadda aka kafa tun 1971, tana da mazauni a Yamai, ba ta kuma dogara da ECOWAS ba. Akwai aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Ya kawo misalin Muritaniya, wadda ta fita daga ECOWAS a shekara ta 2000, ta dawo a 2017 ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ita ba tare da ta koma ciki ba. Ya ce ƙasar da ba ta da teku tana bukatar hanya, ƙasar da ke da bakuna masu yawa tana bukatar dabbobi da wake, kowa na da abin da ɗan uwansa ke nema.

Malam ya ce amma duk wannan aikin gwamnati ne, shi rabon matasa yake so su ji. Allah (T) ya yi wa Ƙuraishawa gori da fataucin hunturu da na bazara, ya haɗa shi da ƙoshi da aminci, wanda ke nuna kasuwa ba ta tsayuwa sai da tsaro. Saboda haka duk wanda ya ɗauki man fetur ko abinci ko ƙwaya ya kai wa 'yan bindiga a dajin Kebbe don riba, to da hannunsa ya kashe kasuwar garinsu, kuma jinin bayin Allah yana wuyansa. Duk wanda ya ɓoye gero don ya ji an rufe iyaka, yana jiran tiya ta ninka, to ya san Manzon Allah (S) ya hana. Mai canjin naira da sefa ya sani hannu da hannu ake yi, ban da jinkiri. Mai ɗura albasa kada ya sa manya a baki ya cusa ruɓaɓɓu a gindi. Baƙon da ya zo daga Tawa ko Doso bai san farashi ba, haramun ne a ci da jahilcinsa.

Ya shawarci matasa su koyi hukunce-hukuncen ciniki kafin su shiga kasuwa, su haɗa jari biyar-biyar ko goma-goma ba tare da riba ta banki ba, su rubuta bashi da shaidu, su kuma bi ta ƙofa da takardunsu don kada su ba azzalumi hujjar tatsar su a shinge. Ya ce Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, ɗan kasuwar da aka san shi da amana a Ƙonni kuwa, ko an canza gwamnati goma, kayansa ba za su rasa mai karɓa ba.

A ƙarshe Malam ya yi addu'ar Allah ya kawo zaman lafiya a Nijeriya da Nijar, ya sa albarka a neman kowa, ya tsare mu daga cin haram. Aka tashi da salati ga Annabi (S).